Shin rile na yau da kullum zai iya maye gurbin na'urar sakin iskar kashe gobara?

Mai Kula da Gini ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'abota wannan zaure. Wata magana ce ta ɗaure mini kai, kuma na ga babu inda ya dace in kawo ta sai gaban masu sana'ar.

Ni ne ke kula da kayan lantarki da na tsaro a wani ginin ofisoshi mai hawa huɗu. A hawa na biyu akwai ɗakin da aka jera manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan kamfani, kuma shugabanni sun amince a saka masa tsarin kashe gobara da iska, tun da ruwa ba ya shiga irin wannan ɗaki ba tare da ya yi ɓarnar da ta kusa kai ta wutar ba. An riga an zaɓi sinadarin FK-5-1-12, wanda aka fi sani da Novec 1230, tukwane biyu. Ginin yana da fanel ɗin ƙararrawar gobara irin wanda kowace na'ura da ke kan layinsa take da tata lambar.

'Yan kwangila biyu ne suka kawo takarda. Na farko ya ce aikin mai sauƙi ne: zai ɗora ƙaramin rile mai lamba, wato makunnin da fanel ke kunnawa da wuta, a kan layin da muke da shi, ya jawo masa wutar bolt 24, da zarar ditaktar hayaƙi ta ɗakin ta yi ƙara sai rile ya rufe, wuta ta isa ga solinoid ɗin da ke kan tukunya, wato naɗin wayar da ke zama maganaɗisu idan wuta ta shige shi, bawul ya buɗe. Na biyu ya ce sam ba zai sa hannu a irin wannan aiki ba. Shi sai an sayi na'urar saki ta musamman, da ƙarin ditaktoci, da makulli mai ɗan mabuɗi, da maɓallin dakatarwa, da jiniya ta daban, kuma kuɗinsa ya zarce na farko nesa ba kusa ba.

Ni ne zan tsaya gaban shugabanni in kare duk wanda na zaɓa, kuma ba na son in ce musu kawai mai tsada ya fi kyau. A idona duka biyun wuta suke kunnawa. To mene ne na'urar saki take yi wanda rile ba ya yi? Sannan wannan batu na cewa sai ditakta biyu sun yi ƙara kafin a saki iska, ba ɓata lokaci ba ne alhali wuta tana ci?

Injiniyan Tsare-tsare ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta farko ita ce ginshiƙi, saboda haka a kanta zan fi daɗewa.

Ka yi gaskiya cewa a daƙiƙar da za a saki iskar, aikin rile da na na'urar saki ɗaya ne. Sai dai wannan daƙiƙa tana iya zuwa sau ɗaya a shekara goma, ko ma kada ta zo har ginin ya tsufa, kuma ba a nan gizo ke saƙar ba. Bambancin yana cikin sauran dubban kwanakin da ba a yin komai a cikinsu. Rile ba shi da masaniya a kan wayar da ta fita daga bakinsa. Idan ɓera ya ci ta a cikin silin, ko mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya fizge ta bai sani ba, ko wani ya kwance ta ya manta, fanel zai ci gaba da nuna koriyar fitila yana cewa lafiya lau, ku kuma ba za ku san tukwanenku sun zama kayan ado ba sai ranar da hayaƙi ya turnuƙe ɗakin.

Na'urar saki kuwa tana tura wata 'yar ƙaramar wuta, wadda ba ta kai ta motsa solinoid ba, ta cikin wayar dare da rana, tana auna abin da ya dawo. Idan waya ta katse, ko wayoyin biyu suka haɗe, ko wutar bolt 24 da ke ciyar da ita ta ɗauke, sai ta kai ƙara ga fanel, fitilar matsala ta kama. Ƙa'idar NFPA 72 ta Amurka, wadda ke kula da tsarin ƙararrawar gobara, ta ce kada wannan sanarwa ta wuce daƙiƙa 200 ba ta bayyana ba, kuma ta ce lallai sa idon ya kai har ga na'urar da ke buɗe bawul ɗin, ba a tsaya a waya kawai ba.

Akwai wata dabara da wasu ke yi wadda ya kamata ka sani, domin da zarar ka ƙi rile, ita ɗan kwangilarka na farko zai kawo. Zai ce a yi amfani da na'urar da ke kunna ƙararrawa da jiniya, tun da ita tana sa ido a kan wayarta. Gaskiya ne tana yi, amma ta hanyar da aka tsara domin ƙararrawa: tana juya wutar baya ta bi ta cikin rizista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, da aka ɗaura a ƙarshen layi, kowace ƙararrawa kuma tana da dayod a cikinta, ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai, wanda ke hana wannan juyayyiyar wuta shiga. Solinoid ba haka yake ba. Naɗaɗɗen jan ƙarfe ne kawai mai ƙarancin turjiya, wanda na'urar za ta gani tamkar wayoyi sun haɗe. Sai mai aikin ya ƙara dayod, ya ɗaura rizista a gefe, fitilar matsala ta mutu, kowa ya yi murna. Abin da aka yi a nan shi ne an sa ido a kan rizista an bar solinoid. Ranar da naɗin ya ƙone ya katse daga ciki, fanel ba zai ce uffan ba.

Wannan duk ɓangare ɗaya ne, wato tsoron kada iska ta ƙi fita. Ɗaya ɓangaren shi ne kada ta fita ba a kira ta ba, kuma shi ne wanda ya fi yawan faruwa. Ƙararrawa idan ta yi ƙara bisa kuskure, sai a danna maɓalli ta yi shiru, a ba mutane haƙuri su koma bakin aiki. Bawul ɗin tukunya kuwa da zarar ya buɗe, bakin alƙalami ya bushe, babu maɓallin da zai mayar da iskar ciki. Rile na yau da kullum umarni guda yake jira daga fanel, kuma wannan umarni yana iya zuwa saboda an danna maɓallin atisayen fitar da mutane, ko saboda wanda ya tsara manhajar fanel ya jefa rilen cikin rukunin abubuwan da ke tashi a kowace ƙararrawa. An gina na'urorin saki ne domin su yi taurin kai a wannan wuri. Misali, FCM-1-REL ta kamfanin Notifier ba ta sakin wuta da umarni ɗaya: sai an fara ɗana ta da saƙo biyu, sannan ta jira saƙonnin tabbatarwa cikin daƙiƙa 3, idan ba su zo ba ta koma yadda take.

Abu na gaba shi ne wanda zai fi yi maka amfani gaban shugabanni. NFPA 72 ta ce fanel ɗin da zai saki sinadarin kashe gobara dole ya zama an gwada shi an amince da shi domin wannan aiki na musamman, kuma solinoid ɗin ya zama yana cikin jerin waɗanda aka gwada tare da shi. A Amurka ana yin gwajin bisa ma'aunin UL 864, a Turai kuma EN 12094-1. Saboda haka kafin ka yi gardama da kowa, ɗauko littafin fanel ɗinku ka duba ko an ambaci aikin saki a cikin abubuwan da aka amince masa. Idan babu, ko na'urar saki mafi tsada ka ɗora masa ba ta halatta shi ba, sai dai a kafa ƙaramin fanel na saki mai zaman kansa, ya riƙa aika wa babban rahoto.

Tambayarka ta biyu ba ta buƙatar dogon bayani. Ditakta guda tana iya ruɗuwa da ƙura ko ƙwaro ko tururi, amma da wuya biyu su ruɗu tare. Lokacin da ke tsakani kuma ba a zaune ake ba. A yawancin tsare-tsare, ta farko tana tayar da ƙararrawa domin mutane su duba, ta biyu ta canza sautin jiniya ta fara ƙidaya, galibi daƙiƙa 30, a tsakanin nan kuma an kashe na'urorin sanyaya ɗaki an rufe murafun bututun da ke kai wa ɗakin iskar shaƙa. Sinadari irin naku yana gama fita cikin daƙiƙa 10, kuma ana so ya zauna a ɗakin na tsawon minti 10. Idan ka sake shi alhali fanka tana juyawa ƙofa kuma a buɗe, waje ka yi wa feshi. In saurin ganowa kake so, ka ƙara na'urar da ke zuƙo iskar ɗaki ta cikin ƙananan bututu tana tace ta, irin su VESDA, wadda ke jin ƙaurin waya tun kafin ido ya ga hayaƙi.

Tsohon Mai Gyara ya rubuta:

Injiniya ya gama magana a kan yadda ake tsarawa. Ni kuma da yake shekaruna a gyara da gwaji suka ƙare, zan yi magana ne a kan wannan ɗan makulli mai mabuɗi da ka gani a takardar ɗan kwangila na biyu, domin na san shi ne abu na farko da za a ce a cire a rage kuɗi.

Tun ina sabon hannu aka tura ni da abokin aikina gwajin shekara a wani ɗakin kwamfutoci. Tsarin ba shi da makulli, saboda haka muka shiga manhajar fanel muka kashe layin saki, muka ga rubutu ya fito cewa an kashe, hankalinmu ya kwanta. Na fesa hayaƙin gwaji a ditakta ta farko, ƙararrawa ta tashi daidai. Ana cikin haka fanel ya nuna wata matsala da ta ƙi gogewa, abokin nawa da ke can wajensa ya cire masa wuta da batir gaba ɗaya ya mayar, bai faɗa mini ba, shi ma kuma bai san cewa tashin da fanel ya yi sabo ya shafe kashewar da muka yi ba. Na sake bin ditaktocin biyu da hayaƙi. Da jiniya ta canza murya ban ko motsa ba, ina kan tsani ina kallon agogo domin in rubuta daƙiƙun ƙidaya a takarda. Abin da na ji bayan haka wani ƙara ne kamar an fasa tayar babbar mota a cikin kunnena. Ɗakin ya yi fari fat da hazo, allunan silin biyu suka ɗaga suka faɗo, takardun da ke kan tebur suka watse har bakin ƙofa. Allah ya kiyaye sinadarin HFC-227ea ne, wanda aka fi sani da FM-200, ba wanda ya ji rauni. Amma ɗakin ya yi makonni ba shi da kariya kafin a cika tukwanen a dawo da su, ni kuma na daɗe ban iya haɗa ido da mai ginin ba.

Daga baya na ga cewa NFPA 72 ta hana ainihin abin da muka yi. Ta ce dole a sami makullin da ke raba layin saki domin gwaji, dole ya zama makulli na zahiri da hannu ke juyawa ba umarni a manhaja ba, kuma juya shi dole ya sa fanel ya nuna cewa an taɓa tsarin, har sai an mayar.

Duk da makullin, ni har gobe ba na fesa hayaƙi sai na kwance kan solinoid daga bawul na riƙe shi a hannuna. Haka ma gwajin ya fi inganci, domin za ka ga allurar da ke bugun bawul ta fito da idonka, ka ji bugunta. Sai dai a nan ma akwai ramuka biyu. Na farko, allurar da ta fito ba ta komawa da kanta a yawancin nau'o'i, sai ka tura ta ka ji ta kama. Wanda ya manta ya ɗaura kan haka nan, da hannunsa zai buɗe tukunya. Na biyu shi ne mantawa da mayar da kan gaba ɗaya. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na shiga ɗaki na tarar da kan solinoid yana lilo a jikin wayarsa a bayan tukunya, ƙura ta rufe shi, fanel kuma yana nuna kore, domin ta fuskar lantarki babu abin da ya katse. Saboda irin wannan ne NFPA 2001, ƙa'idar da ke kula da irin wannan iskar kashe gobara, ta wajabta cewa daga 1 ga Janairun 2016, cire wannan kai daga bawul dole ya haifar da ƙara da fitila a fanel. Ka tabbata kayan da za a kawo maka suna da ɗan makunnin da ke gano an cire kan, kuma an ja masa waya, domin na ga inda ya zo a cikin kwali aka bar shi a cikin kwalin.

Kada ka ɗauka ƙananan wurare ne kawai ke faɗawa wannan rami. A ƙarshen Satumbar 2017, iskar kashe gobara ta fita ba zato ana cikin gyaran yau da kullum a wata cibiyar bayanai ta Microsoft da ke yi wa arewacin Turai hidima. Fitar ta sa na'urorin sanyaya wurin suka kashe kansu kamar yadda aka tsara, zafi ya hau, kwamfutoci suka riƙa mutuwa, abokan hulɗa suka shafe kusan awa bakwai cikin matsala. Shekara guda kafin nan, a Satumbar 2016, bankin ING a Bukares ta ƙasar Romaniya ya yi gwajin sakin iskar kashe gobara mai suna Inergen, tsananin ƙarar fitar iskar ta lalata faifan ajiyar bayanai da dama, hidimar bankin ta tsaya kusan awa goma. Wannan na biyu ba laifin na'urar saki ba ne, na kawo shi ne domin ka ga cewa iskar da ake kira mai tsabta ma tana barin ɓarna a bayanta.

Mai Binciken Masana'antu ta rubuta:

Ina gaishe da manyanmu. Na yarda da kusan duk abin da aka faɗa, amma ina da ɗan saɓani da Injiniya a wuri guda. Ya ce idan babban fanel yana da amincewar aikin saki, sai a ɗora masa na'urar. Bisa ƙa'ida haka ne. Amma ni ko yana da amincewar, a ginin ofisoshi na fi son ƙaramin fanel mai zaman kansa, kuma dalilina ba na lantarki ba ne, na hannaye ne. Babban fanel na gini hannu da yawa ke taɓa shi. Duk lokacin da aka raba wani ofis biyu ko aka ƙara ditakta a hawa na huɗu, wani zai zo da kwamfutarsa ya sake loda manhajar gaba ɗaya, kuma a cikin wannan manhaja ne umarnin sakin iskarku yake kwance. NFPA 72 ta ce bayan kowane canji a gwada duk abin da canjin ya shafa, a ƙara da kashi 10 cikin 100 na na'urorin ganowa da bai shafa ba, har zuwa guda 50. Ku da kuke cikin aikin kun san sau nawa ake cika wannan. Na'urar saki a kan babban layi tana da wurinta, musamman a masana'antar da ke da ɗakuna goma ko ashirin da ake karewa kuma ma'aikata ƙwararru ne ke riƙe da fanel ɗin. Ɗaki guda a ginin da kowa ke shiga bai kai wannan ba.

Labarin Baba mai gyara ya ƙare da asarar iska ne kawai saboda irin sinadarin da ke cikin tukwanen. A wuraren da nake dubawa, ɗakunan injin da na fenti da na taransifoma, sau da yawa iskar kabon dayoksaid ce a ciki. Mafi ƙarancin abin da ake cika ɗaki da shi domin kashe wuta kashi 34 cikin 100 ne, alhali kashi 10 kawai yana sumar da mutum cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. A ranar 28 ga Yulin 1998, a cibiyar binciken injiniyanci ta gwamnatin Amurka da ke jihar Idaho, ma'aikata suna kashe wutar wani gini domin gyara sai tsarin kabon dayoksaid ya saki ba tare da gargaɗi ba. Mutum ɗaya ya rasu, wasu suka tsallake rijiya da baya. An kashe tsarin kafin a fara aikin, amma a fanel aka kashe shi, ba a kulle shi da hannu ba. Shi ya sa NFPA 12, wadda ke kula da wannan iska, ba ta dogara da lantarki kaɗai a wuraren da mutane ke shiga: tana neman bawul ɗin kullewa a kan bututu, da jiniya da na'urar jinkiri waɗanda matsin iskar kanta ke tafiyar da su.

Irin wannan na'urar saki ce kuma ke buɗe bawul ɗin tsarin ruwa wanda ake barin bututunsa a bushe har sai ditakta ta ba da izini, da kuma wanda ke kwararo ruwa ta duk bakunan feshi a lokaci guda a wuraren ajiye mai. Sinadari ne ke canzawa, sharuɗɗan sa ido da makulli suna nan.

Ba wanda ya taɓo maɓallin dakatarwa, bari in ce wani abu a kai. NFPA 2001 ba ta wajabta shi ba, amma idan an saka, wurinsa cikin ɗakin kusa da ƙofar fita, kuma dole ya zama irin wanda sai an ci gaba da danna shi yake aiki, da an ɗaga yatsa ƙidaya ta ci gaba. Maɓallin saki na hannu kuma yana rinjayarsa a kowane hali. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne yadda aka tsara halinsa, domin ba iri ɗaya ba ne. A wani tsarin ƙidaya tana ci gaba har ta kai saura daƙiƙa 10 ta tsaya nan, a wani kuma maɓallin ba ya aiki sai an danna shi kafin ditakta ta biyu ta yi ƙara. Na sha tambayar ma'aikatan ɗaki wanne ne nasu, su dubi juna. A rubuta shi da manyan baƙaƙe a manna a jikin bango.

Wani ɗan tsokaci a gefe: kamfanin 3M ya sanar a Disambar 2022 cewa zai daina ƙera wannan rukunin sinadarai, har da Novec 1230, zuwa ƙarshen 2025. Wasu kamfanoni suna yin FK-5-1-12, amma ka sa a rubuta maka a kwangila daga ina za a sake cika tukwanen, kuma cikin kwana nawa.

Mai Kula da Gini ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira. Na ɗauko littafin fanel ɗinmu kamar yadda Injiniya ya ce, na bi shi shafi-shafi, babu inda aka ambaci aikin saki. Ke nan maganar rile ta mutu, saɓanin da ke tsakanin Injiniya da Hajiya ma bai taso a wurinmu ba, ƙaramin fanel za mu kafa. Na nuna wa shugabanmu labarin kan solinoid da ke lilo a bayan tukunya, bai sake tambayar kuɗin makulli ba.

Saura abu ɗaya. Shugaban masu gadi yana so a kafa sabon fanel ɗin a ɗakinsu da ke ƙasa domin ya kasance a gabansu dare da rana. Na auna hanyar da waya za ta bi daga can zuwa tukwane, ta kai kusan mita 100. Akwai illa a cikin haka? Kuma wane girman batir ya kamata in nema?

Injiniyan Tsare-tsare ya rubuta:

Hajiya ta fi ni gaskiya a kan batun hannaye, na karɓa.

Akwai illa, Malam, kuma lissafinta ba shi da wuya. Ba a yin lissafi da bolt 24, domin gobara ba ta alkawarin zuwa lokacin da wuta take nan kuma batir yake cike. Masu tsarawa suna farawa ne daga bolt 20.4, wato abin da ake sa ran ya rage bayan batir ya yi doguwar jira. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 murabba'i tana da turjiyar kusan om 12 a kowace kilomita. Mita 100 ɗinka mita 200 ce, domin wuta tana zuwa ta dawo, ke nan om 2.4. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, solinoid ɗinku yana jan amfiya 1. Bolt 2.4 sun tafi a hanya, 18 ne suka isa. Wani solinoid zai buga da haka, wani kuwa zai yi 'yar ƙara kawai allurar ba ta fito ba, kuma 'yar wutar sa ido ba za ta taɓa tona wannan ba, domin ita ba ta jan abin da zai sa ƙarfin ya faɗi. Da fanel ɗin yana mita 10 daga tukwane, asarar ba ta kai rubu'in bolt ba.

Ana iya magance wannan da waya mai kauri, amma ban ga dalilin jan layin saki ta hawa biyu ba, ta cikin silin da kowane mai gyara ke shiga. Ka kafa fanel ɗin a wajen ɗakin, dab da ƙofa, inda wanda ya fito da gudu zai ga ƙidaya, mai gwaji kuma zai ga makulli da tukwane a kallo ɗaya. Buƙatar masu gadi halattacciya ce, kuma hanyar biyan ta ita ce ƙaramin fanel ya aika wa babban saƙonni daban-daban: ƙararrawa, matsala, an juya makulli, iska ta fita. Wannan na ƙarshe ya fito daga makunnin matsi da ke jikin bututu, ba daga umarnin da fanel ya bayar ba, domin umarni daban, fitar iska daban, kuma makunnin ne kaɗai zai sanar idan wani ya buɗe tukunya da hannu.

Batir kuma, mafi ƙarancin da NFPA 72 ta nema shi ne jiran awa 24 babu wutar waje, sannan minti 5 na ƙararrawa, a haɗa da abin da solinoid zai ja. Idan kamfanin inshorarku yana bin ƙa'idojin FM, wani kamfanin inshorar masana'antu na Amurka, ka tambaye su, domin a tsarin ruwa mai jiran izini awa 90 suke nema. Kada ka karɓi girman batir da baki, ka ce a kawo maka takardar lissafin.

Ranar karɓar aiki ka tsaya da kanka. A kwance kan solinoid daga bawul, a kashe wutar waje fanel ya koma kan batir, a bi ditaktocin da hayaƙi, ka ƙirga daƙiƙun da agogonka, ka ga allura ta fito. A sake yi da maɓallin dakatarwa a danne, a sake yi da makulli a juye, a cire waya ɗaya daga solinoid ka ga fitilar matsala. A kuma yi gwajin da ake kafa fanka a ƙofa domin auna yoyon ɗakin, tun da ramukan da wayoyi ke bi ta ƙarƙashin daɓe su ne ke zubar da iska kafin minti 10 su cika. Idan ka samu takardar bayanan solinoid ɗin, ka turo mana amfiyar da yake ja da mafi ƙarancin bolt ɗin da yake bugawa da shi, mu duba kaurin wayar tare kafin a saye ta.